Tambaya kan ragaggen nauyi μ, ina sauran makamashin ya shiga?

Ɗan_Aji_Biyu:

Salamu alaikum jama'ar zaure. Dan Allah masu fiziks ku taimaka min, akwai abin da ya tsaya min a wuya a kwas ɗin makaniks kuma jarabawa ta matso. An koya mana cewa idan abu biyu suna jan juna ko suna tunkuɗar juna, kamar duniya da wata, ana iya mayar da lissafin kamar na abu ɗaya ne tal mai nauyi μ = m1m2/(m1+m2), wai shi ragaggen nauyi, sai makamashin motsi ya zama ½μv². Fomular kam na haddace ta tsaf, ba nan gizo ke saƙar ba.

Na ce bari in gwada da lambobi in gani da idona. Bulo mai kilo 2 yana gudun mita 8 a sakan, ya nufi wani bulo mai kilo 6 da yake zaune wuri ɗaya. Lissafin da muka sani tun sakandare, ½ × 2 × 64 = jul 64, babban kuma sifili tunda ba ya motsi. To da μ fa, 2 × 6 a raba da 8 ya ba ni 1.5, sai ½ × 1.5 × 64 = jul 48. Ina jul 16 suka shiga? Na maimaita har na gaji amsar ɗaya ce. Sannan abu na biyu da yake ɗaure min kai, ta yaya za a haɗa kilo 2 da kilo 6 a samu kilo 1.5, abin da bai kai ko ƙaramin cikinsu ba, wane abu ne yake ɗauke da wannan nauyin? Handawut ɗin da aka ba mu layi kaɗan ne kawai a kai wlh.

Sarkin_Hadda:

Wslm. Kai dai ɗan uwa ka rubuta musu abin da suka ba ka ka wuce wurin, μ dabarar lissafi ce kawai ba wani abu ba. Kuma ni a ganina ½μv² na abubuwa masu zagaya juna ne irin duniya da rana, bulo da bulo ba huruminsa ba ne, shi ya sa lissafin naka ya ƙi fita.

Malam_Na_Allo:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. A'a Sarkin_Hadda kar ka ɓatar da yaro, lissafinsa daidai yake duka biyun, 64 ɗin daidai ne 48 ɗin ma daidai ne, kuma μ ba ruwansa da ko abu zagaye yake yi ko a miƙe yake tafiya.

Ƙanina rabin fomular ka riƙe. Cikakkiyar ita ce

T = ½MV² + ½μv²

T shine jimillar makamashin motsi, M shine m1 + m2, babban V gudun cibiyar nauyin su biyun, ƙaramin v kuma bambancin gudunsu, wato yadda ɗaya yake ganin ɗan uwansa yana matsowa ko yana yin nisa. Koma kan bulolin naka. Jimillar momentom, wato nauyi sau gudu, 2 × 8 = 16, raba da kilo 8, kenan cibiyar tana tafiya mita 2 a sakan. ½ × 8 × 4 = 16. Ga jul 16 ɗinka nan ba inda suka je, suna cikin tafiyar da su biyun suke yi tare gaba ɗaya. Malamai da yawa suna farawa da cewa "mu ɗauka cibiyar a tsaye take" su faɗa sau ɗaya da baki sannan su goge ½MV² daga allo, ɗalibin da ya duƙa yana rubutu a lokacin sai ya tashi da guntu.

In kana so ka fito da ita da hannunka ba wuya. Rubuta v1 = V + (m2/M)v, sannan v2 = V − (m1/M)v. Saka su cikin ½m1v1² + ½m2v2² ka buɗe baka. Za ka ga kashi uku. Na V² ya ba ka ½MV². Na tsakiya, mai V sau v, ɗaya ya fito da +m1m2/M ɗaya da −m1m2/M sai su cinye juna, kuma nan ne duk sirrin yake, don da ka zaɓi wani wuri daban ba cibiyar nauyi ba da wannan na tsakiyar ba zai mutu ba. Abin da ya rage ½(m1m2² + m2m1²)/M² sau v², ka fitar da m1m2 waje, abin da ke cikin baka ya zama M ya soke M ɗaya na ƙasa, ya bar maka ½(m1m2/M)v². Ka ga μ ba daga sama aka jefo shi ba, da kansa ya fito. Wannan rabon makamashi gida biyu ana jingina shi ga Johann Samuel König, tun 1751.

Yanzu abin da na fi so ka kula da shi. Ka ce kana zaune a kan ƙaramin bulon kana tafiya da shi da gudun nan nasa ba canji. A idonka ƙaramin a tsaye yake, babban ne yake taho maka da mita 8 a sakan, makamashi ½ × 6 × 64 = jul 192. A idon wanda ke tsaye a ƙasa 64, a naka idon 192, to wanne ne gaskiya? Duka. Amma ka raba 192 ɗin ka gani, cibiyar a idonka tana gudun mita 6, ½ × 8 × 36 = 144, ka cire daga 192 saura 48. Wanda kuma ya bi cibiyar yana tafiya da ita zai ga ƙaramin yana gudun 6 babban yana gudun 2 suna fuskantar juna, 36 + 12, nan ma 48. Kashin ½MV² yana canzawa da inda mai kallo ya tsaya, har sifili zai iya zama, amma ½μv² ko daga ina ka kalla yana nan 48. Kuma shi kaɗai ne abin da su biyun za su iya kashewa a tsakaninsu, ko ya zama zafi ko ƙara ko lanƙwasa ƙarfe ko matse sifirin. Jul 16 ɗin nan ba mai taɓa su muddin ba wani ƙarfi daga waje, saboda momentom ya riga ya kulle su.

Batun me ya sa μ bai kai ƙaramin ba. Ba wani abu da yake ɗauke da kilo 1.5, kar ka je kana neman sa. μ na tazarar da ke tsakaninsu ne, yana gaya maka wahalar da za a sha kafin a canza wannan tazarar. Ƙarfi F yana sa na farko ya ƙara gudu da F/m1, na biyu da F/m2 ta ɗaya ɓangaren, to tazarar tana canzawa ta baki biyu, F(1/m1 + 1/m2), shi ya sa ake rubuta 1/μ = 1/m1 + 1/m2. Kamar mai kwalekwale ne da ya ɗaura igiya a bishiyar gaɓa yana ja, shi kaɗai ke matsawa, amma in wani kwalekwalen ya ɗaura wa igiyar, da ƙarfi iri ɗaya shi yana zuwa wancan ma yana tahowa, tazarar ta fi saurin rufewa. Abin da ya fi saurin amsa ƙarfi kuwa shi muke cewa ya fi sauƙin nauyi. In ɗayan ya yi girma sosai μ ya kusan zama nauyin ƙaramin, in nauyinsu ɗaya ne μ rabin ɗaya ne, kuma ba zai taɓa yin ƙasa da rabin ƙaramin ba.

Ɗan_Aji_Biyu:

Kai Malam Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara sani. Na buɗe bakan da kaina na ga na tsakiyar sun cinye juna kamar yadda ka ce. Bari in gwada ko na gane da gaske. In na liƙa sifirin mai tauri k = 600 a gaban babban bulon, ƙaramin ya zo ya matse shi, iyakar matsewar daga 48 zan samo ba daga 64 ba ko? Wato ½ × 600 × x² = 48, x² = 0.16, x ya zama mita 0.4. Kuma a daidai lokacin da ya gama matsewa duka biyun suna tafiya da mita 2 a sakan tare.

Malam_Na_Allo:

Haka ne, ka kamo bakin zaren. In kuma sifirin ɗin ya riƙe su duka biyun suka riƙa kai da komowa, saurin kai da komowar ω = √(k/μ) = √(600/1.5) = 20. Mafi yawan ɗalibai 2 suke sakawa ko 8, nan ake zubar da maki.

Injiniyan_Gareji:

Malam ya gama magana, ni dai bari in ƙara wani wuri da wannan lissafin yake kashe musu, don mun sha yin gardamar nan da direbobi a bakin gareji. Za ka ji ana cewa in mota biyu suka yi taho mu gama kowacce tana kan 60, daidai yake da mutum ya daki katanga yana kan 120. Jin sa kamar gaskiya amma ba haka ba ne, μ ne yake warware shi.

Mu ɗauka kowace mota kilo 1,500, kuma bayan karon sun cakuɗe ba wadda ta yi tsalle baya. Makamashin da zai tafi wajen murƙushe ƙarfe shine ½μv². Gudun da ke tsakaninsu kilomita 120 a awa, kusan mita 33.3 a sakan, wannan gaskiya ne, amma μ kilo 750 ne kawai. Ka buga za ka samu wajen jul dubu 417, kuma mota biyu ne za su raba, kowacce dubu 208 da ɗoriya. To mota ɗaya ta daki katangar da ba ta motsi tana kan 60 fa? Katanga haɗe take da ƙasa, nauyinta kamar ba iyaka, μ ya zama 1,500 cif, gudu mita 16.7, amsa dubu 208. Daidai wa daida. Wato karon mota biyu masu nauyi ɗaya a 60 da 60 kamar dukan katanga ne a 60. Dukan katanga a 120 kuwa dubu 833 ne a kan mota ɗaya, ninki huɗu, wannan wani bala'i ne daban Allah ya kiyaye.

Inda maganar direbobin ta kusan zama gaskiya shine in da tirela aka haɗu. Sa tirela mai lodi kilo 30,000, μ ya zama wajen 1,429, da kyar ya ragu daga nauyin ƙaramar motar, kowa yana kan 60 makamashin murƙushewa ya kai wajen dubu 794, kuma mun san jikin wa ya fi laushi a cikinsu. Ga kuma canjin gudu, tirelar ɗan kaɗan za ta rage ita kuwa ƙaramar sai ta tsaya ta koma da baya a cikin ƙiftawar ido, shi ke illata mutanen ciki. Gaskiya a zahiri ba a cika yin karo saiti da saiti haka ba, akwai juyawa akwai burki, amma a ƙiyasin farko wannan lissafin ake yi.

Maman_Ilham:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren kemistiri nake, kuma Sarkin_Hadda da ka ce dabarar lissafi ce kawai, mu a wurinmu μ abu ne da na'ura take aunawa, har sabon abu aka gano da shi.

A atom ɗin haidirojin furoton ya fi ilektoron nauyi sau 1836. Littafin sakandare yana ɗauka furoton a kafe yake ilektoron kaɗai ke motsi, amma in ana son daidai sai a sa μ, wanda shine nauyin ilektoron sau 1836/1837, wato 0.99946. Za ka ce wannan ai ba komai ba ne, to amma masu auna hasken da atom ke fitarwa suna gani har lamba ta biyar da ta shida. Lambar Rydberg, wadda ake lissafa layukan hasken atom da ita, in cibiyar atom ba ta motsi kwata-kwata 109,737 ce a kowace santimita, ta haidirojin ta gaske da ake aunawa 109,678. Wannan giɓin na 59 duk aikin μ ne.

A 1913 da Niels Bohr ya fito da tsarinsa na atom, ya ce wasu layukan haske da aka daɗe ana zaton na haidirojin ne ashe na hiliyom ne da ya rasa ilektoron ɗaya, kuma lissafinsa ya ce lambar Rydberg tasu ta ninka ta haidirojin sau 4. Alfred Fowler a Landan ya ce a'a, awo ya nuna 4.0016 ne ba 4 ba. Bohr ya koma ya saka motsin cibiyar atom ɗin a lissafi, wato μ na hiliyom da μ na haidirojin ba ɗaya ba ne tunda cibiyar hiliyom ta fi nauyi kusan sau huɗu, sai ga 4.0016 ta fito. Wannan na cikin abin da ya sa manyan masana suka fara ɗaukar tsarin nasa da muhimmanci.

Sai kuma ƙarshen 1931, Harold Urey a jami'ar Columbia ta Amurka da abokan aikinsa Brickwedde da Murphy suna neman haidirojin mai nauyi biyu. Ta ina za a gane shi tunda cajinsa ɗaya da na kullum? Ta μ. Cibiyar mai nauyin ta fi ilektoron wajen sau 3670, to μ ɗinsa ya ɗan fi, layin haskensa zai ɗan gusa. Jan layin haidirojin yana kan nanomita 656.28, na mai nauyin 656.10, bambancin bai kai 0.2 ba. Suka bar ruwan haidirojin ya yi ta ƙafewa a hankali don mai nauyin ya taru a ragowar, suka duba suka ga siririn layi a daidai inda lissafi ya ce. Shine diyuteriyom, kuma Urey ya karɓi kyautar Nobel ta kemistiri a 1934 a kan haka.

In kana son inda μ ba ɗan gyara ba ne, duba fozitoroniyom, ilektoron da kishiyarsa fozitoron suna zagaya juna, nauyinsu ɗaya don haka μ rabi ne, makamashin da ya ɗaure su 6.8 eV (ma'aunin makamashi a atom) maimakon 13.6 na haidirojin. Rabi cif.

Kuma lissafin sifirin ɗin nan da kuka yi a sama shi muke yi wa molekul mai atom biyu. HCl, wato haidirojin haɗe da kulorin, yana kaɗawa a wajen 2,886 a kowace santimita, in ka musanya haidirojin da diyuteriyom ya sauko wajen 2,090, alhali ƙarfin ɗaurin bai canza ba. μ ne ya tashi daga kusan 0.98 zuwa kusan 1.9, kaɗawar kuma tana bin 1/√μ. Ka lura kulorin mai nauyi 35 kusan bai shiga lissafin ba, zaman sa yake yi ƙaramin na ta kai da komo. Ƙanina in za ka ɗauki kwas ɗin kwantam nan gaba wannan μ ɗin zai sake tare ka a can, gara ka san shi tun yanzu.

Mai_Kallon_Taurari:

Anti Maman_Ilham kin kawo mai daɗi. Ni kuma bari in ja hankalin mai tambaya kan wani rami da ake faɗawa in an zo kan jan nauyi, tunda da duniya da wata ya fara.

Lissafin tazarar shine μ sau canjin gudu = −Gm1m2/r², G lambar jan nauyi ce, kuma r ɗin nan cikakkiyar tazarar da ke tsakaninsu ce, ba nisan wata daga cibiyar nauyi ba, wannan na farko kenan. Na biyu, m1m2 ai daidai yake da μM, to μ ya fito hagu ya fito dama sai ya soke kansa, ya bar −GM/r² inda M jimillar nauyin biyun ce. Kenan tsawon lokacin zagaye ba ruwansa da μ, jimilla yake bi, lokacin sau kansa = 4π²a³/G(m1+m2), inda a matsakaiciyar tazarar da ke tsakaninsu ce. Wannan shine gyaran da Newton ya yi wa doka ta uku ta Kepler. A atom ɗin su Anti ƙarfin na caji ne ba na nauyi ba, shi ya sa μ ba ya sokewa a can. A sama kuwa sai ka zo makamashi da momentom na juyawa, L = μr² sau saurin juyawa, sannan μ zai dawo.

Lambobin duniya da wata, duniya ta fi wata nauyi wajen sau 81, tazara kusan kilomita 384,400. Cibiyar nauyinsu tana wajen kilomita 4,670 daga tsakiyar duniya, daga tsakiya zuwa doron ƙasa kuma 6,371 ne, wato cibiyar tana cikin cikin duniya wajen kilomita 1,700 ƙarƙashin ƙasa. Duniya ma tana zagaya wannan wurin duk kwana 27.3, da gudun wajen mita 12 a sakan, wata kuma yana yin wajen kilomita 1 a sakan. Yadda suke raba ½μv² ɗin akwai hanya mai sauƙi. In ka tsaya a cibiyar momentom ɗinsu ɗaya ne suna kishiyantar juna, p da −p, makamashi p²/2m1 + p²/2m2, ka haɗa ya zama p²/2μ. Daga nan kana gani ƙarara cewa mai ƙaramin nauyi shi ke kwashe kusan duka, wata kashi 81 cikin 82, duniya kashi 1. Kuma in ka manta ka saka nauyin duniya kaɗai a fomular Kepler, tsawon zagayen wata zai fito maka da ƙarin wajen awa 4.

Rana da Jufita sun fi ban sha'awa a wurina. Rana ta fi shi sau 1,047 amma saboda nisan cibiyar tasu ta faɗo wajen kilomita 742,000 daga tsakiyar rana, rana kuma daga tsakiya zuwa bakinta 696,000 ce, wato cibiyar ta ɗan fito waje. Rana tana lilo da wajen mita 12.5 a sakan cikin shekara kusan 12 saboda Jufita, duniyarmu kuwa wajen santimita 9 a sakan kawai take iya girgiza ta. Wannan lilon da muke watsarwa a aji muna cewa babban a tsaye yake, da shi Michel Mayor da Didier Queloz suka gano duniyar da ke zagaya tauraron 51 Pegasi a 1995, ba su ga duniyar ba, tauraron suka ga yana matsowa yana komawa duk kwana 4 da 'yan awanni da gudun mita hamsin da wani abu a sakan. An ba su Nobel a 2019. Fuluto da watansa Charon kuwa ba ma a maganar wani a tsaye, Charon ya kai kusan kashi ɗaya cikin takwas na nauyin Fuluto, cibiyar tasu a fili take tsakaninsu.

Wani abu kuma, in ka buɗe littafin masu harba tauraron ɗan adam za ka ga μ = GM, harafi ɗaya ne amma abu daban, ka duba yunit ɗinsa kafin ka saka a fomula, namu kilo ne.

Sarkin_Hadda:

Toh naji, kun taru a kaina. Amma tambaya ɗaya Malam, duk wannan kun ce in ba ƙarfi daga waje. Duniya da wata ai rana tana jan su, molekul ɗin Anti ma a cikin kwalba yake duniya tana jan sa ƙasa. To ina abu biyun da suke su kaɗai? Kuma in abu uku ne sai a yi μ = m1m2m3 a kan jimilla ko yaya?

Malam_Na_Allo:

Yawwa, wannan tambayar ta fi haddar da ka zo da ita. Rabon T gida biyu lissafi ne tsantsa, ko da ƙarfin waje ko babu yana nan daram. Abin da ƙarfin waje yake iya ɓatawa shine zaman kowane gida da kansa. In jan na waje yana ba su canjin gudu iri ɗaya, kamar g, jan duniya, a kan atom biyu na molekul ɗaya, to in ka ɗebe na ɗaya daga na ɗaya don samun lissafin tazarar sai g ya fita, cibiyar ce kawai take faɗuwa, abin da ke tsakaninsu bai ma san ana yi ba. Jefa bulolin nan da sifirin ɗinsu daga saman bene, ω ɗin 20 ne har su iso ƙasa.

Rana kuwa ba ta jan duniya da wata daidai wa daida, don a tsayuwar wata shi ya fi kusa da ita, a daren sha huɗu duniya ta fi kusa. Mafi yawan jan nata yana tafiya ne wajen ɗaukar cibiyar tasu ya zagaya da ita a shekara, ɗan bambancin da ya rage shi ke shiga tsakaninsu yana taɓa hanyar wata. Ƙarami ne amma ana ganin sa, shi ya sa hanyar wata ba ta rufewa a wuri ɗaya, wurin da ya fi kusantar duniya yana gusawa yana kammala zagaye a wajen shekara 8.85, kuma masu lissafin tsayuwar wata da husufi dole su saka wannan.

Na abu uku kuma a'a, wannan fomular da ka ƙirƙiro ko yunit ba ta ci ba, kilo sau kilo za ta ba ka. Cibiyar nauyi har yanzu ana cire ta, ½MV² yana fita ko abu dubu ne. Amma abin da ya rage tazara biyu ne ba ɗaya ba. Akwai dabarar Jacobi, ka haɗa na ɗaya da na biyu da μ ɗinsu, sannan ka ɗauki cibiyarsu a matsayin abu ɗaya mai nauyi m1+m2 ka haɗa da na uku, μ na biyu ya zama (m1+m2)m3/(m1+m2+m3). Makamashin motsi zai rabu gida uku tsaf ba na tsakiya. Matsalar a makamashin jan take, shi ba ya rabuwa, yana cakuɗa tazarar biyu, don haka ba za ka warware kowacce ita kaɗai ba. Henri Poincaré ya yi aiki a kan wannan a gasar da Sarki Oscar na biyu na Suwidin ya sa, wadda ya ci a 1889, kuma daga aikin nasa ne aka fahimci cewa ɗan bambanci kaɗan a farko yana iya kai abu uku wata hanya daban gaba ɗaya. Yau da kwamfuta ake bin su taki bayan taki. Mai tambaya kai dai a matakinku abu biyu za a tambaye ka, ka tabbata ka rubuta R, wurin da cibiyar nauyi take, da r, tazarar da ke tsakaninsu, tun a layin farko ka faɗi wanne ka ɗebe daga wanne, don alamar ragi a v1 da v2 daga nan take fitowa.